Muryar da Ke Fayil na Bakwai

A gaban idonta Barista ake ce mata. Da ta ba da baya kuwa sunanta Tsintsiya, domin duk kamfanin da ta shiga sai ta share shi tas. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana wannan aiki: kamfanoni su ɗauke ta ta duba yadda suke tara bayanan mutane, lambar waya, adireshi, hoton katin shaida, ta gaya musu abin da doka ta yarda su riƙe da abin da ya zama dole su goge. Masu kamfani kuwa Allah ya yi su da son ajiya. Sai ka ga mutum da furfurarsa ya rungume sunayen kwastomomin da suka daina sayayya tun yana saurayi, ka ce ya saki, ya ce ai wata rana za su yi amfani. Ita ba ta jan magana. Takan buɗe masa shafin da aka rubuta tarar da hukuma ke ci, ta bar shi ya karanta da kansa.

Cikin waɗanda take yi wa aiki akwai wani kamfani mai kai wa marasa lafiya magani. Mutum ya buga waya, ya faɗi abin da likita ya rubuta masa, a kai masa inda ya ce. Duk kiran da ya shigo ana naɗar sa. Da ta fara zuwa wurin shekara huɗu da suka wuce, ta tarar kowane ma'aikaci yana iya buɗe muryar kowa, har masinja yakan saurari ta maƙwabtansa don nishaɗi. Ta zauna ta rubuta musu ƙa'ida mai shafi talatin da biyu. A cire suna daga jikin fayil, a bar lamba kawai. Asusun da aka rufe, idan ya cika shekara biyu, a goge muryoyinsa kaf. Duk bayan wata uku kuma ita za ta zo, ta zaɓi lamba goma da ka daga cikin waɗanda za a goge, ta saurari daƙiƙa ashirin na farko don ta tabbatar an gaya wa mai kira ana naɗar muryarsa, sannan ta sa hannu. Daƙiƙa ashirin, ba ƙari. Har sai da ta sa Injiniya, mai kula da na'urorinsu, ya saita abin ya riƙa yankewa da kansa.

Ranar Litinin ɗin da abin ya faru, ƙarfe goma na safe, tana zaune a ɗan ɗakin gilashi da ke ƙarshen zauren masu amsa waya. Sanyin ɗakin ya yi yawa kamar kullum, don na'urori ake sanyayawa ba mutane ba. Injiniya yana gefenta yana tauna murfin biro. Ta kira lamba, ya buɗe, ta saurara, ta yi alama a takarda. Shida suka wuce lafiya.

A na bakwai muryar mace ta ce, "Barka da rana. Ana naɗar wannan kiran, kun amince?"

Sai aka yi gyaran murya sau biyu, na farko gajere, na biyu ya ɗan ja.

"Na amince, 'yar nan, ai ba abin kunya zan faɗa ba. To ina wuni? Ya aiki? Ya gajiya? Ya mutanen gi..."

Na'ura ta yanke.

Barista ba ta motsa ba. Biro yana hannunta, bakinsa a kan takarda, har tawada ta taru ta yi ɗigo. Mahaifinta ya shekara biyu da wata ɗaya a ƙasa. Ga shi yanzun nan ya gaida wata baƙuwa a cikin kunnenta, da wannan doguwar gaisuwar tasa da suka riƙa yi masa tsiya a kanta, har na'urar da ita ta sa a saita ta katse masa magana a baki.

"Na takwas, Barista?" in ji Injiniya.

"Kira nawa ne a ƙarƙashin wannan lambar?"

Ya leƙa allon. "Arba'in da ɗaya. Cikin wata goma sha huɗu. Akwai matsala ne?"

"Babu."

Ta saurari sauran ukun, ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Da ya turo mata takardar sa hannu, ta ce ya ajiye, za ta dawo ranar Alhamis. Injiniya ya cire murfin biro daga bakinsa ya dube ta. Shekara huɗu bai taɓa ganin ta bar takarda ta kwana ba. Ya tuna mata cewa ƙarfe sha biyun ranar Alhamis ne wa'adin gogewa, ta ce ta sani, ai ita ta sa shi.

Abin da ya sa ya buge ta haka shi ne, babu muryar mutumin nan a ko'ina. Shekara talatin da ɗaya ya yi a gidan waya yana rarraba wasiƙu, ya yi ritaya da ƙaramar wayarsa mai madannai, bai taɓa tura saƙon murya ba. Idan aka ɗaga kyamara a taro sai ya tuna yana da uzuri a waje. Bayan rasuwarsa ta bi wayoyin dangi ɗaya bayan ɗaya, abin da ta samu kawai wani bidiyo ne da ya gifta ta baya ɗauke da kujera, bai ce uffan ba. Tun bara ta lura muryar ta fara gudu daga kanta. Tana tuna abin da yakan faɗa, amma idan ta so ta ji shi yana faɗa, sai ta ji muryar kanta. Wannan ya fi komai yi mata ciwo, kuma ba ta gaya wa kowa ba.

Ga kuma wani abu. Su dai abin da suka sani, ya faɗi ne wata safiya yana ɗaure takalmi, likita ya ce zuciya ce. Kowa ya ce mutuwar farat ɗaya, bai wahala ba, bai wahalar da kowa ba. To me mai lafiya yake nema a kamfanin magani har sau arba'in da ɗaya?

A lifta tana saukowa ta ji gyaran muryar a bayanta. Ta juya, ita kaɗai ce da madubi. A mota ma ta ji, rediyo a kashe. Ba tsoro ya ba ta ba. Ji ta yi kamar yana shirin yin magana ne, ita kuma ta riƙe numfashi tana jira, maganar ba ta zo ba.

Washegari da la'asar ta biya wajen mahaifiyarta. Gidan yana nan yadda yake. Kujerar mahaifinta tana gefen taga, tsohuwar rigarsa ta aiki tana rataye bayan ƙofa, Umma ta hana a taɓa.

"Yau lauyoyi sun tuna da talakawa," in ji Umma tana zuba mata shayi. "Ko ƙara aka kai ni?"

"Wa zai iya da ke a kotu, Umma?"

Suka ɗan taɓa hira. Can Barista ta ajiye kofi ta ce, "Umma, Baba yana shan wani magani ne kafin ya rasu?"

"Babanku? Wasu 'yan ƙwayoyi dai, ya ce na ƙarin jini ne. Duk Laraba yakan fita wai zai gaida tsofaffin abokan aiki, ya dawo da 'yar leda a aljihu. In na tambaya ya ce mata da bincike. Me ya kawo maganar?"

"Tunawa kawai na yi."

Umma ta riƙa juya cokali a kofin da sukarinsa ya daɗe da narkewa.

"Kin san abin da ke damuna?" ta ce. "Fuskarsa tana nan, ko ido na rufe ina ganinta. Muryar ce. Shekaranjiya na zauna nan ina so in tuna yadda yake kirana daga bakin ƙofa, wallahi na kasa. Shekara arba'in da uku yana kirana. Da zan ji ko sau ɗaya, ko faɗa ne yake yi mini a kan gishiri, da na gode Allah."

Barista ta sa hannu a jaka tana neman abin da ba ta ajiye ba. Awa nawa ne a cikin kira arba'in da ɗaya? Mutumin da gaisuwarsa kaɗai ta fi daƙiƙa ashirin, ai sai a samu awa uku ko huɗu. Duk suna can hawa na uku a ɗaki mai sanyi, kuma jibi da rana hannunta ne zai share su.

Ranar Laraba ba ta yi wa kowa aiki ba, ta yi wa kanta. Lauya kuwa idan ya tashi neman ƙofa a dokar da shi ya gina, ya fi ɓera sanin rami. Tana iya rubuta wa kamfanin cewa akwai yiwuwar shari'a, a dakatar da gogewa. Ƙarya ce, amma layi biyu ne. Tana iya cewa ta ga kuskure a fayil ɗin, dole ta saurare shi duka. Ta fara rubutawa sau uku tana yagewa. Duk lokacin da ta kai tsakiya sai ta tuno tana 'yar shekara tara, ta ɗauki wata wasiƙa daga jakar mahaifinta ta ɗaga ta saitin rana tana son ganin abin da ke ciki. Bai dake ta ba, bai ma ɗaga murya ba. Ya karɓa ya mayar, ya yi gyaran muryar nan tasa, ya ce, "Uwata, wanda ya liƙe ta ya san dalilin da ya liƙe."

Daga ƙarshe ta ciro fom ɗin da magada ke cikewa idan suna neman bayanan mamaci. Ita ta tsara shi, har ta yi faɗa da mai buga musu takardu a kan girman layukan. Ta cike shi da hannunta, a wurin dangantaka ta rubuta 'ya.

Ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar Alhamis ta ajiye fom ɗin a teburin mai kamfanin. Mutum ne mai ƙiba da fara'a, wanda ta sa ya goge rabin abin da yake taƙama da shi, bai kuma taɓa yafe mata gaba ɗaya ba. Ya karanta, ya cire tabarau, fara'ar ta gushe. Injiniya yana tsaye a gefe.

"Allah ya jiƙansa. Barista, mahaifinki ne fa. Wane irin fom kuma? Injiniya, kawo filashi ka zuba mata duka. Mu uku ne a nan, wa zai ji?"

"Yallaɓai, bara da ka ce a yi wa surukinka haka, me na ce maka?"

"Kin ce za ki ajiye aikina ki kuma rubuta dalili."

"To a bi shafi na goma sha tara."

Shafi na goma sha tara ya ce, duk wanda zai buɗe asusu a tambaye shi: idan ka rasu ko ka kasa magana, wa ka yarda a ba bayananka? Abin da ya faɗa shi za a bi. Idan ya hana, a kunna wa mai nema daidai wurin da ya hana ɗin, don kada ya zaci kamfani ne ke yi masa rowa. Barista ba ta damu da wannan ba. Ta san sunan Umma zai faɗa, ko nata.

Aka kira wadda ta buɗe asusun. Shugabar masu amsa waya ce, dattijuwa mai sanyin murya da kowa ke kira Anti. Shekara huɗu duk zuwan Barista sai ta taso ta gaishe ta, ta tambaye ta gida. Yau da ta shigo ɗakin gilashin ta ga fom, ta ga lambar, sai ta nemi kujera ta zauna ba a ce ta zauna ba.

Injiniya ya nemo wurin, ya miƙa wa Barista abin sauraro, ya fita ya ja ƙofa.

"Baba, saura tambaya ɗaya," in ji muryar Anti ta shekara uku da suka wuce. "Idan ta Allah ta kasance, wa kuka yarda a ba bayananku?"

Gyaran murya, gajere da dogo.

"Ba kowa, 'yar nan."

"Ko iyali, Baba?"

"Su ne ma na fi nufi. Bari in gaya miki. Wannan tambayar da kike yi mini, 'yata ce ta rubuta ta. Lauyarku. Ta zo gida tana ba mu labari, ta ce ta gyara wurin nan, yanzu ko mai kamfanin bai isa ya fitar da maganar mutum ba. Shi ya sa na tsallake kantin magani uku na kira ku." Ya yi 'yar dariya. "Idan ta ji abin da likita ya ce, ajiye aikinta za ta yi ta zo ta zauna tana kallona. Uwarta kuma ta daina barci. Ni kuma nan gaba zan riƙa kiranku ina lissafa inda ke ciwo, murya tana rawa. Ba na so wannan ya zama abin da zai rage musu. Su riƙe wanda suka sani. Kin rubuta?"

"Na rubuta, Baba."

"To a goge idan lokaci ya yi. Na san za a goge, tunda ita ce."

Nan wurin ya ƙare.

Barista ta cire abin sauraron ta ajiye a hankali. Ta ji haushinsa, haushi na gaske, irin wanda ba ta taɓa ji ba yana raye. Wata goma sha huɗu tana zuwa gidan duk mako tana cika shi da labarin kamfanoni, yana gyaɗa kai, ledar tana aljihunsa. Da bakinta ta nuna masa inda zai ɓoye mata. Sai kuma haushin ya sake ta, ya bar ta da kewa tsagwaronta.

"Kin sani," ta ce wa Anti. "Duk zuwan da nake yi."

"Na sani, Barista."

"Ko bayan ya rasu ba ki ce mini komai ba."

"Sau biyu na biyo ki har bakin lifta." Anti ta goge ido da gefen mayafi. "Ke kika koya mana. Kin ce ranar da za a gwada mu, ba baƙo ne zai zo ba, wanda muke jin nauyinsa ne."

"Ya sha wahala?"

Anti ta dube ta, leɓenta yana motsi. "Ba zan iya gaya miki ba."

Barista ta gyaɗa kai. Da za a ce ta ba amsar maki, da ta ba ta cikakke.

Mai kamfanin ya turo ƙofa, Injiniya yana bayansa. Ya ajiye filashi a gabanta, ƙarami, baƙi, ko rabin yatsa bai kai ba.

"Babu komai a ciki tukuna," ya ce. "Minti biyu ne. Ko gaisuwar kaɗai a yankar wa tsohuwa. Gaisuwa ai ba sirri ba ce, Barista. Ni zan ɗauki laifin."

Wannan ce ta kusa kayar da ita. Gaisuwar kaɗai. Ina wuni, ya aiki, ya mutanen gida. Ta ga Umma zaune gefen taga da waya a kunne tana maimaitawa. Sai kuma ta ji tambayar da za ta biyo baya, domin Umma ba yarinya ba ce: wa yake gaisarwa, a ina kika samo, me ya kai shi can? Daga nan sai Larabobin nan su buɗe ɗaya bayan ɗaya, matar da ta shekara biyu tana gode wa Allah mijinta bai wahala ba ta koma tana ƙirga ranakun da ta yi masa faɗa a kan ya cika kwanciya. Mahaifinta ya hango wannan tun kafin ita ta hango. Ya ce ba kowa, an tambaye shi sau biyu.

Agogon bango ya nuna sha biyu saura minti bakwai. Ta tura filashin gefe da bayan hannu, ta jawo fom ɗinta, a ƙasa inda aka bar wa lauyan kamfani ta rubuta: an ƙi, bisa umarnin mai asusu. Sannan ta jawo takardar gogewa ta sa hannu. 

"Injiniya, bismillah."

Ya danna. Wani koren layi ya fara tafiya a allon daga hagu zuwa dama. Fayil dubu shida da ɗari biyu ne, nasa arba'in da ɗaya suna ciki, ba ta san daidai inda layin ya bi ta kansu ba. Ko minti ɗaya ba a yi ba aka gama. A zaure masu amsa waya suna ta gaya wa mutane ana naɗar kiransu.

Ba ta koma ofis ba. Ta tuƙa mota zuwa gidan Umma da rana tsaka, tana maimaita muryar a ranta duk hanya kamar mai ɗauke da ruwa a tafin hannu. Kafin ta kai kwanar gidan ta ji ta fara raguwa.

Ƙofar a buɗe take. Umma tana tsaye a kicin ta ba da baya, tana wanke kofuna. Barista ta tsaya a bakin ƙofa, kusa da rigar da ke rataye. Ba ta san abin da ta zo faɗa ba, ta dai san akwai magana cike da bakinta. Ta yi gyaran murya, ta sake yi.

Kofi ya suɓuce daga hannun Umma ya faɗa cikin ruwa. Ta juyo da sauri, fuskarta a buɗe, da wani haske da Barista ta shekara biyu ba ta gani ba. Ta duba bakin ƙofar, ta duba bayan 'yarta. Hasken ya ɗan jima kafin ya tafi.

"Ke ce," ta ce.

"Ni ce, Umma."

Umma ta tsame hannu ta goge a zane. "Na ji kamar za ki yi magana. Me za ki ce?"

Barista ta dubi rigar, ta dubi mahaifiyarta.

"Ba komai. Kawo in ƙarasa miki wanke-wanken."